Kuɗin ƙungiyarmu na Rigata: ganga, DJ ko rigunan ruwa?

Jikan Gungu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin mutanen Yauri, Ngaski da Shanga, da duk wanda ya taɓa zaman gungu. Taron ƙungiyarmu ya matso, ni ne ma'aji, kuma maganar da za a yanke ta tsaya mini a rai.

Ni Bagunge ne. Ɗinki nake yi a Kaduna, amma a tsakiyar Kwara aka binne cibiyata, wani gungu da ba shi da nisa da Yelwa in jirgi mai inji ka hau. Mu 'yan garin da ke waje, na Kaduna da Kontagora da Sakkwato, muna zuba abin da ya sawwaƙa duk wata. Bana abin da ke asusu ya ɗan haura naira 400,000, aka ce a kashe shi a kan fitar garinmu a Rigata mai zuwa, bikin tseren jirage na Yauri. Nan fa kai ya rabu uku.

Samari suna son a ɗauko DJ daga Yelwa, a ɗora lasifika da janareta a babban jirgi, a yi wa matuƙa riguna iri ɗaya. Hujjarsu, wancan karon jiragen wasu garuruwa sun shigo fili da sauti, kowa ya juya waya wajensu, namu ya wuce ba wanda ya san ya wuce. Sun ce har yau ba su ga jirginmu a bidiyo ko ɗaya ba a TikTok, kuma abin ya yi musu ciwo. Ban raina wannan ciwon ba.

Dattawa kuma suka ce gangunan gari za a gyara. Ni ma nan zuciyata take, ba zan ɓoye ba. Wanda bai taɓa riƙe filafili a tsere ba zai ɗauka kiɗan nan na ƙawa ne kawai. Makaɗi yana zaune a tsakiyar jirgi, ganga rataye a kafaɗa, shi ke ƙirga wa matuƙa hannu. In ya sassauta, filafilai su shiga ruwa a natse, kowa ya tara numfashi. In an zo kwana ya canja hannu, na ɓangare guda su danne, na ɗayan su ja. In an hango ƙarshe ya lura wani ya fara sanyi, sai ya saki taken gidansu, wanda aka kaɗa wa kakansa, kana gani jijiyar wuyan mutum za ta miƙe, jirgi ya yi tsalle gaba. Kowane gida a garinmu yana da takensa. Na gidanmu ko cikin barci na ji shi sai na farka.

To mai kaɗa su mutum ɗaya ya rage, ƙanen kakata ne. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, hannunsa ya fara rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma in ya kama gula rawar tana ɗaukewa. Gangunan suna rataye a zaurensa. Ɗaya gara ta ci gindinta, biyu fatar ta yage, an cusa musu tsumma don kada ɓera ya haihu a ciki. 'Ya'yansa ba wanda ya koya. Babban yana acaɓa a Yelwa, ƙaramin ya bi masu haƙar zinariya. Da can bayan an shigar da gero da dawa, gangunan nan ne ke kiran kokawa a kan rairayi da farin wata, garuruwan maƙwabta su zo da jiragensu a jera su a bakin gaɓa, 'yan mata suna guɗa, a kwana ana kayar da juna. Gungawa da kokawa aka san mu, kamar yadda aka san mu da albasa. Yarana da aka haifa a Kaduna ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.

Na uku su ne iyayenmu mata na gida. Da labari ya kai musu sai suka aiko: in dai kuɗin na gari ne, a sayo rigunan ruwa, masu hana nutsewa, a zuba a jirgin kasuwa. Ba su ƙara komai a kai ba.

Kuɗin ba za su yi abu uku ba, da ƙyar ma su yi ɗaya da rabi. Tsorona shi ne tsohon nan ya kwanta dama kafin wata shekara, a binne shi da taken gidaje kusan ashirin. Riga ana iya saye baɗi, take in ya tafi ba kasuwar da ake sayar da shi. Amma kuma in na tashi a taro na faɗi haka, da wane ido zan kalli inna? Don Allah ku ba ni shawara.

Uwar Albasa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na karanta har ƙarshe, kuma na ji ka. Ni ma da guɗar nan na girma, ranar da aka kai ni ɗakin miji a jirgi aka kai ni, ganga tana gaba, jirgin gara yana baya. Ba mai gaya mini daɗinta. Amma ka ce riga ana iya saye baɗi. Wa ya ba ka tabbacin wanda zai sa ta zai kai baɗin?

Sana'ata albasa ce, daga gungu nake saro ta in kawo Yelwa a loda wa motocin kudu. Kai kana Kaduna, bari in tuna maka yadda jirgin kasuwa yake tashi. A fara jera buhunan albasa da na shanshera a ƙasa. A ɗora babura biyu ko uku a kwance. A ɗaure awaki a gefe. Sannan mu mu hau saman kaya, mata da goyo, tsofaffi, yara masu talla. Kafin a tayar da inji, tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi taƙi ɗaya ba. Yaron jirgi yana gefe da ƙoƙo yana kwarfe ruwa tun kafin a bar gaɓa. In ka yi magana a ce ke Hajiya kin cika tsoro, Allah ke tsarewa. Allah ke tsarewa, gaskiya ne, shi ne kuma ya ba mu hankali.

Ku maza kun iya iyo tun kuna tsirara. Mace mai zani biyu da mayafi da jariri a baya, ko ta iya, ina za ta kai? Shi ya sa duk lokacin da aka ce jirgi ya kife, je ka ƙirga gawa, mata da yara ne suka fi yawa. Ka tuna Wara, 26 ga Mayun 2021. Jirgin ya ɗauko mutum fiye da 150 daga ɓangaren jihar Neja, ya rabe a tsakiyar ruwa, waɗanda aka tsamo da rai ba su taka kara sun karya ba. Kwanaki aka yi ana tsamo mutane ana jera su a gaɓa. A Oktoban 2023 ma wani ya nutse da 'yan kasuwa, daga ɓangaren Agwara suka taso za su ci kasuwar Yauri. Waɗannan su ne waɗanda rediyo ta faɗa. Ƙananan da ke cin mutum biyu, mutum uku, ba mai jin labarinsu sai 'yan zaman makoki.

Ga kututturan itatuwan da ruwan dam ɗin Kainji ya shanye, suna nan tsaye a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya jirgi ya hau kansu. Ga tafiyar dare. Mace naƙuda ta yi mata gardama ƙarfe biyun dare a gungu, ba asibiti, dole a sa ta a kwalekwale da tocila. Iyayenku da suka aiko maka da saƙo a taƙaice, abin da suke gani ke nan, ba su iya doguwar magana a gaban maza ba ne kawai.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. In kun saya, kada ku raba wa mutane su kai gida. Na ga inda aka yi haka, wasu suka mayar da su matashin kai, wasu suka sayar. A rubuta sunan gari a bayan kowace da fenti, a damƙa su hannun mai jirgi da Sarkin Ruwa, a ƙirga da safe a ƙirga da yamma. Kuma a sayo har da na yara. Kullum na manya ake kawowa, yaro ya zurma a ciki ya sulluɓe ta ƙasa.

Tsohon Hedimasta:

Hajiya ta faɗi gaskiyar da ba mai ja da ita. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Amma ɗana ma'aji, ina so ka san nauyin abin da ke rataye a zauren kakan naka, don kada a taro a ɗauke shi wasan yara.

Ƙarfin Yauri a kan ruwa yake tun asali. Baturen nan mai binciken kogin Kwara, Mungo Park, ta nan ya bi a 1806 kafin ya halaka a Bussa, Richard Lander da ƙanensa John suka zo a 1830 suna neman takardunsa wurin Sarkin Yauri, kuma duk wanda zai wuce Kwara a wancan zamani sai da yardar masu jirage. Da rikicin sarauta ya yi zafi a ƙarni na 19, gungu sarakuna suka koma. Daga gungun Ikum Sarki Abdullahi Abarshi ya dawo da fada Yelwa a 1888. Su wa ke tuƙa sarki, su wa ke tsare mashigai? Kakanninku. Abin da ake nunawa yau a Rigata, tseren jirage da iyo da juya jirgi a guje, manyanmu sun ce daga atisayen mayaƙan ruwa da farautar dorina ya samo asali, daga baya aka riƙa yi wa manyan baƙi. Kiɗan da kake magana a kai umarnin yaƙi ne kafin ya zama na biki.

Abin da ya karya wannan zaman, dam ɗin Kainji ne. An fara ginin a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya shanye tsohon Bussa da mafi yawan gungun Foge da ƙananan gungaye masu yawa, aka tashi mutum kusan 44,000 aka zuba su a sababbin garuruwa a tudu, cikin ɗakunan siminti da ba su saba da su ba. Ina yaro lokacin, na ga tsofaffi suna zama a bakin ruwa suna nuna inda kushewar iyayensu take. Mutumin da ya saba ban-ruwan albasa da ƙwarya a ƙasar da kogi ke sabunta mata taki duk shekara, aka ba shi jigawa. Garuruwan da ke haɗuwa kokawa aka warwatsa su, wannan gabas da ruwa, wancan yamma. Ku da gungunku ya tsira kuna cikin masu sa'a, shi ya sa har yau kuke da makaɗi ko da ɗaya ne. Garuruwa da yawa tun a wancan tashin gangarsu ta yi shiru.

Harshen ma haka yake tafiya. Na yi shekaru ina koyarwa a ƙauyukan bakin ruwa. Da farko yaro zai shigo aji ɗaya ba ya jin Hausa sai Tsureshe, yaren Gungawa. Kafin in yi ritaya, jikokin waɗannan yaran Hausa kawai suke ji, in kaka ta yi musu yare su amsa da Hausa. Kirarin da ke cikin taken nan, da yawansa da Tsureshe ne, kuma a cikinsa sunayen kakanni da na gungayen da suka nutse suke.

Wani abu kuma da samari ba su lura da shi ba: lokacin bikin kansa ilimi ne. Kwara ruwa biyu take kawowa. Farin ruwa na damina ne, mai laka, daga ruwan saman ƙasarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba. Baƙin ruwa kuwa daga duwatsun ƙasar Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau cikin hunturu. Shi ya sa za ka ga kogi cike a watan Janairu da Fabrairu alhali ko ɗigon ruwan sama babu. Amfanin gona ya shiga rumbu, ruwa ya cika ya natsu, ga albasa a fadama. A 'yan shekarun nan da gwamnatin Kebbi ta farfaɗo da Rigata, a wannan tsakanin ake yin sa, Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi yana karɓar baƙi.

Shawarata: riguna akwai inda ake nema. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don yankunan da madatsun wutar lantarki suka shafa, tana raba rigunan ruwa a garuruwan bakin kogi. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiya, dagaci da hakimi su sa hannu, ku kai. Ganga kuwa ba hukumar da za ta gyara muku.

Uwar Albasa:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. A rubuta takardar, ban ƙi ba. Amma takarda tana da ranar zuwa, ba ta da ranar dawowa, jirgi kuwa duk mako sai ya tashi. Ko guda goma ne a fara da su.

Yaron Situdiyo:

Yaya ma'aji, iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, ni ina cikin samarin da ake magana a kansu, ko da yake ba ɗan garinku ba ne. Aikin sauti nake yi, biki da suna da walima.

Kullum ana cewa mun guji al'ada. Wa ya nuna mana ita da daraja? Mun taso muna ji ana kiran makaɗi maroƙi, in ya nemi aure a ce a duba asali. A wa'azi a ce kiɗa aikin banza ne. Ranar biki a kira shi tun safe, ya kaɗa har hannu ya kumbura, a sallame shi da abin da bai kai kuɗin man jirgi ba. Ɗansa yana kallo. Don me ba zai hau acaɓa ba? Ni da nake danna kwamfuta, abin da ake ba ni a dare ɗaya tsohon nan bai taɓa riƙe shi a wata ba, kuma na san bai kamata ba.

Batun janareta a jirgin tsere, ko ni ban goyi baya ba. Nauyi ne, ga mai, ga wayar wuta a cikin ruwa. Kuma waƙar da aka naɗa ba ta ganin wanda ya gaji, gudu ɗaya take yi daga farko har ƙarshe. Amma abin da samarinku ke nema a ji su ne, kuma wannan yana da magani mai araha. Ƙaramar lasifika mai batir, da makirfo a ɗaure a jikin gangar. Baba ya kaɗa, duk bakin gaɓa a ji. Na rantse jirgin da ya shigo da gangar gaske tana tashi a lasifika, shi za a fi ɗauka a waya, don kowa ya gaji da jin waƙa ɗaya a jirgi goma.

Sannan ku naɗe shi tun yanzu, kada ku jira biki. Waƙoƙin Sani Aliyu Ɗandawo da ya sa muke jin su har gobe a Yauri? Don an ɗauke su a kaset, daga kaset suka koma waya. Na kakanninku ba wanda ya ɗauka. Waya mai kyau ta isa. A zaunar da shi inda ba iska, da safe kafin injinan jirage su fara. Kafin kowane take ya faɗi na gidan wane ne, a kan me aka yi shi, ya yi kirarin da bakinsa, sannan ya kaɗa a hankali, ya sake kaɗawa da gudun tsere. A ɗauki hannunsa a bidiyo, kada a tsaya kan fuska. In kun biya mini kuɗin mota da na jirgi zan zo in yi, ba na son ko sisi a kai.

Basarke:

Sannunku. Ni masunci ne, uban ubana ma haka. Rubutu ba ya mini sauƙi, ɗana ke buga mini.

Hedimasta ya yi maganar dam, bari in ƙara ta kifi. Da ina saurayi in na zuba kalli da yamma, da asuba sai na nemi mai taya ni ja. Giwan ruwa, yauni, bargi, ramboshi, faliya. Yau ka kwana a ruwa ka dawo da kurungu da 'yan karfasa da ba su cika kwano ba. Masu jan dala, babbar komar nan mai ƙananan ido, sun tafi da 'ya'yan kifi tare da warangi, an hana, ana yi a ɓoye. Kainuwa ta toshe wasu mashigan. Yaro ya ga haka ya tafi ramin zinariya ko birni. Ga rashin tsaro a tudu, tun da aka sace 'yan makarantar Birnin Yauri a Yunin 2021 mutane suka rage tafiyar dare da kwana a fili. Kokawar farin wata da kake kewa, ɗan'uwa, ba ganga kaɗai ta rasa ba, ta rasa samarin da za su kama juna da kwanciyar hankalin da za a kwana a waje.

Dorina kuma ta dawo da ƙarfinta, tana shiga gonakin shinkafa. A 2024 ta kashe wani masunci a Yauri, mutane suka fita a jirage riƙe da mashi, aka yi makonni kafin a same ta, aka raba naman. Wannan fita da aka yi, ita ce Rigata ta ainihi. Waɗanda suka san yadda ake kewaye ta da jirage ba tare da ta kife su ba, duk masu furfura ne.

Maganar riga. Matsalarta ba kuɗi kaɗai ba ne, kunya ce. Namiji ɗan ruwa yana ganin in ya sa ta ya zubar da girman gidansu. Ni kaina sai da ƙanena ya tafi, wanda ya fi ni iyo nesa ba kusa ba, inji ya buge shi a kai da jirgi ya juye, sannan na fara sawa. Wanda ya suma ba ya iyo.

Don haka ga tawa. Ku sayi rigunan, matuƙanku su sa su ranar Rigata, a gaban Sarki, a gaban kowa, ganga tana tashi. In aka ga zaratan gari da ita a jiki, gobe ba yaron da zai ce ta mata ce. Kashegari a zuba su a jirgin kasuwa yadda Hajiya ta ce. Kun sami rigar iri ɗaya da samari ke so ke nan. Fatar ganga kuwa akuya ce, a gari ba a rasa mai yanka. Ni zan ba da fata ɗaya.

Jikan Gungu:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Basarke, Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sa ya huta. Yaya Uwar Albasa, maganarki ta shige ni, na karanta wa matata ita ma ta yi shiru.

Jiya da dare na sa ɗan yayata ya kai wa tsohon waya, sai da ya hau tudun bayan masallaci kafin sabis ya kama. Na gaya masa duk abin da aka tattauna a nan. Ga abin da ya ce.

Gangar da gara ta ci ba ta gyaruwa, sai dai a sassaƙa sabuwa, kuma icen alilliba yake so, ya ce wani icen ba ya ba da muryar. Biyun kuwa fata kawai suke jira, ta akuya, shi zai jeme ta da kansa ya ɗaura, ba ya son ta kasuwa. Kuɗin wannan kaɗan ne, bai kai yadda na zata ba. Da na kawo maganar koyarwa sai ya ce ba ya koya wa mai zuwa da safe ya koma da yamma. Yaro biyu yake so, su zauna a gungu rani guda, su ci a gidansa, su bi shi duk inda aka kira shi. Abincinsu da ɗan abin sabulu a kanmu, shi ma a yanka masa wani abu duk wata, don Yaron Situdiyo ya faɗi gaskiya, ba a taɓa biyan mutumin nan haƙƙinsa ba. Akwai jikan ƙanwarsa da yake cewa kullum yana kaɗa gwangwani a bakin ruwa, shi ya fara ambata.

Naɗi ya yarda, amma ban da take biyu. Ɗaya na fita dorina ne, ɗaya na ranar da aka rasa mutum a ruwa ana nemansa. Ya ce waɗannan ba a kaɗa su don a ji daɗi, kuma ba ya son wani ya kunna su a shagon caji ana shan lemo. Zai koya wa yaran da hannu in sun kai. Ban ja da shi ba, kuma ƙanena na situdiyo ina roƙon kada ka matsa masa in kun haɗu.

Batun sa riga a tsere ne ya ƙi sam. Ya ce ubansa bai sa ba, shi ba zai zauna a tsakiyar jirgi kamar an ɗaure buhu ba, kuma za ta hana shi rataya ganga. Na san sauran dattawa bakinsu ɗaya da shi. Samari kuma na tabbata wasu za su ce ba wannan rigar suke nufi ba, biyu daga cikinsu ma sun riga sun yi wa DJ alkawari. Taron ba zai yi sanyi ba.

Abin da zan kai gabansu: kaso mafi girma a riguna, har da na yara, a sa su ranar biki ko da matuƙa ne kawai ban da makaɗi. Saura a fata da ciyar da yaran nan biyu zuwa faɗuwar ruwa, da hayar ƙaramar lasifika mai batir. Sabuwar ganga ta jira baɗi. Takardar HYPPADEC Baba Hedimasta, in ba damuwa ka taimaka mana da tsarin rubutun, zan turo maka sunan dagacinmu ta saƙon sirri.

Abu biyu suka rage da ban samu ba. Ina ake samun rigunan ruwa masu inganci, waɗanda ba sa shan ruwa su yi nauyi bayan wata biyu, Yelwa ko New Bussa ko sai an aika Onitsha? Sannan ko akwai wanda ya san masassaƙin da har yanzu yake fafe ganga da alilliba a ƙasar Yauri ko Kontagora? Ina so in ji kuɗinta tun yanzu don in sa a lissafin baɗi.